Ranar da Dogo Ya Yi Shiru

Tun da aka fara rushe tsofaffin shagunan Sabon Gari ana dasa waɗannan benaye masu gilashi, na rage tsallakawa daga Fagge. Ba tsoron titi ba ne, ko da yake masu adaidaita sahu na yanzu sun isa a ji tsoronsu. Kunnena ne ya daina gane wurin. A da ko ɗaure min ido aka yi na san layin da nake: ga injin markaɗe yana kuka tun hantsi, ga mai sayar da kaset ya ƙure murya, ga masu turin ruwa suna ta "hanya, hanya," ranar Lahadi kuma ƙararrawar coci ta haɗu da kiran sallar azahar daga ɓangarenmu, babu wanda ya hana wani. Yanzu janareto ne kawai ke gunji daga wannan kusurwa zuwa waccan, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni kuwa duk rayuwata da kunne da hanci na ci abinci, domin gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata.

A wurin Baffana, ƙanin mahaifina, na koya. Shagonsa ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya ja numfashi kafin ɗayan ya juya. Da safe in share, in yayyafa ruwa a ƙofa, in hura gawayi a kasko mu sa ƙarfen narka dalma a ciki, don wutar lantarki tun a wancan zamani ba abar dogaro ba ce. Kusoshi kuwa a gwangwanayen tumatir nake ware su, manya daban ƙanana daban, kuma in na haɗa su Baffa ba ya faɗa, sai dai ya juye su duka a ƙasa ya ci gaba da aikinsa. Kayan aikinsa ba su wuce sukundireba da ɗan tasta mai ƙwan fitila a gindi ba. Batir da harshe yake gwada shi. Idan aka kawo rediyo, sai ya kara shi a kunne ya girgiza, sannan ya buɗe ya cusa hanci kamar mai sayen daddawa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kafin ka taɓa, saurara. Kafin ka kwance, sunsuna. Abin da wuta ta kashe ba ya iya ɓoye warinsa."

A tsallaken titi akwai shagon wani dattijo mutumin wajen Zariya, Kirista, wanda ya bar koyarwa ya buɗe wurin sayar da lemo da burodi. Kowa Ticha yake ce masa. Ɗansa Yohanna sa'ana ne kuma aminina; tare muka yi ƙwallon tsumma, tare muka sha duka a wurin masu lambu. Wata rana Ticha ya sauke wani akwatin katako daga mota, ya fi kowannenmu tsawo, fuskarsa gilashin talabijin, ƙirjinsa da 'yar ƙaramar sanda mai jan kai da maɓalli ɗaya. Ka jefa kwabo a bakinsa, sai wani ɗan jirgi ya fito a ƙasan gilashin, wasu ƙwari masu ƙaho su yi ta saukowa daga sama kana harbinsu. Ba mu san sunansa na gaskiya ba, sai muka sa masa Dogo. Abin da ya fi kama ni ba wasan ba ne, muryarsa ce. Yana da wani gurnani a ƙasa-ƙasa kamar na kyanwa mai barci, a kansa kuma da wani bugu, dum, dum, dum, da ke ƙara sauri idan ƙwarin sun matso, har sai ka ji zuciyarka ta bi shi. Sauran samari gaban Dogo suke rububi, ni kuwa gefensa nake jingina kunne ina tambayar kaina: ta ina wutar ke shiga, me take zama a ciki har ta fito da ƙwari?

Mahaifiyar Yohanna, wadda duk muke ce wa Mama, ita ke soya cincin a bayan shagon. Ban taɓa ganin mai tausayi irinta ba, kuma tausayinta bai tsaya kan mutane ba. Ta ɗinka wa rediyo riga. Tana ajiye wa ƙadangaru ruwa a murfin kwalba. Idan firji ya daɗe yana kuka sai ta shafa shi ta ce, "Sannu, bawan Allah." Ticha kuwa mutum ne na doka, bai bar halin aji ba. Babbar dokarsa a kan Dogo ita ce: in an kawo wuta, kada kowa ya kunna shi sai ƙwan fitilar shago ya daina rawa. Yakan ce wutar garin nan da gudu take shigowa kamar ɗan makarantar da ya makara, a bari ta zauna tukuna.

Ranar da abin ya faru bazara ce ta kai intaha, irin zafin da ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin mota. Ticha ya tafi gida Zariya gaisuwar rasuwa. Tun safe babu wuta. Can bayan la'asar sai ihu ya tashi daga layi zuwa layi, "An kawo! An kawo!", ihun da yaran yanzu ba su san daɗinsa ba. Muka kwasa a guje zuwa shagon Ticha. Ƙwan fitilar yana ta lumshewa yana buɗewa, samari sun cika ƙofa, kowa da kwabonsa a hannu, suna ta zuga Yohanna: ai babanka ba ya nan, wa zai sani? Ya miƙa hannu ya danna soket. Babu gurnani, babu bugu, gilashin nan baƙi ƙirin. Ya kashe ya sake kunnawa, shiru. Kafin ka ce kwabo samarin sun zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da shi muna kallon juna.

Da Ticha ya dawo tambaya ɗaya ya yi: "Wutar ta zauna kafin ka kunna?" Yohanna ba ya ƙarya, ya ce a'a. Ticha bai ɗaga masa hannu ba, kuma da dukan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi a hankali, a gabana, "Hannunka ba ya raya abu." A lokacin an riga an yi magana Yohanna zai riƙa zuwa wurin Baffa koyon gyara bayan an tashi makaranta, kuma ya fi ni hannu, ni shaida ne. Ticha ya soke maganar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka kowa ya ɗauka, har shi Yohannan.

Aka kira Baffa, na bi shi da jakar kaya. Muka janyo Dogo daga jikin bango, muka tarar bayansa a buɗe, muka ɗauka Ticha ne ya buɗe mana don sauƙin aiki. Ranar ce na fara ganin cikinsa, kuma har yau ina tuna daɗin da na ji. Ga wani taransifoma mai nauyi zaune a ƙasa, wanda ke rage ƙarfin wutarmu ya mayar da ita irin ta ƙasar da aka ƙera Dogo, ga faranti kore cike da ƙananan abubuwa jere kamar gidajen sabuwar unguwa, ga wayoyi kala-kala an ɗaure su dami guda. Baffa ya cusa kai ya daɗe yana sunsuna. Ya zare fis, wato ɗan gilashin nan mai siririyar waya da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ɗaga shi sama ya duba, lafiyarsa ƙalau. Ya sa tasta a bakin igiyar wuta, ta kama. Ya sa a jikin taransifoma, ba ta kama ba. Wutar ta shigo gida ke nan amma ba ta isa ɗaki ba. Ya ce sai ya yanke ɗaurin damin wayoyin ya bi su ɗaya-ɗaya. Ticha ya dafa kafaɗarsa ya ce, "A'a, Malam, kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ya sayar min zai turo injiniyansa daga Legas." Injiniyan da har Ticha ya koma ga Mahaliccinsa bai iso ba.

Muka kama hanyar komawa ni da Baffa, muka tsallaka titi. Sannan ya tsaya ya ce, kamar da kansa yake magana, "Gawa wari take yi. Wannan ba ya wari." Maganar nan ta zauna min a ƙirji kamar ƙayar kifi. Na yi aure, na gaji shagon Baffa, na ga zuwan talabijin mai kala da tafiyar kaset, na gyara abin da ban san iyakarsa ba, amma duk lokacin da wani abu ya ƙi kamawa kuma bai yi wari ba, sai Dogo ya faɗo min a rai. Yohanna kuwa aikin ofis ya yi har ya yi ritaya. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidansa sai ya aiko a kira ni. Ina yi masa tsiya, yana dariya, amma ni na san ba lalaci ba ne, kuma abin yana min ciwo.

Yanzu wa ke tambayar dalilin mutuwar abu? Jikana wayarsa ta yi gardama da safe, da yamma ya riga ya sa rai da wata. Masu gyaran ma sai su zare faranti gaba ɗaya su sa sabo, ka tambaye su me ya lalace su ce "ai bod ne, Baba," shi ke nan an gama bincike. Ba na cewa zamaninmu ya fi, don mun sha wahalar da ba ta da dalili, kuma wannan mitar awon wuta da nake riƙewa yanzu da Baffa ya same ta da ya kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Amma mu in abu ya yi shiru mukan ji kamar tambaya ya yi mana, kuma rashin ladabi ne a tashi ba a amsa ba.

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida sai ga Rahila, babbar 'yar Yohanna, wadda ke aikin jinya a Kaduna. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an sayar da ginin da shagon kakanta yake, za a rushe. Ciwon suga ya riga ya cinye idon mahaifinta, za ta tafi da shi wurinta, motar kaya ma an yi magana da ita. "Baba, muna kwashe sito muka tarar da wani tsohon akwati. 'Yan gwangwan sun zo za su ɗauka, babana ya ce ko kusa, sai kai ka gani tukuna."

Na je na sami Yohanna zaune a kan kujera a tsakiyar ƙullin kaya, ya rame, idanun a buɗe amma ba sa kan kowa. Tun daga takuna ya gane ni.

"Alhaji, har yanzu kana jan ƙafar hagu kamar mai sharar masallaci?"

"Kai kuma har yanzu bakinka bai yi ritaya ba."

Muka yi dariya, sannan ya laluba ya kama hannuna. "Ba gyara nake nema ba. Zan bar garin nan, kuma na san ba dawowa zan yi ba. So nake ka duba ka faɗa min gaskiya. Ni na kashe shi?"

Aka fito da Dogo tsakar gida. Ya tsufa kamar mu: fentin ya kwaile, katakon ƙasa ya kumbura, bayansa a buɗe yadda na san shi. Na yi yadda aka koya min, na cusa kai na sunsuna. Warin ɓera, warin tsohon katako, amma babu warin ƙuna. Na kakkaɓe gidajen zanzaro, na share ɓawon ƙwan ƙadangaru. Wata waya ɓera ya ci, na canza ta. Wasu 'yan gwangwanaye biyu da ke tace wuta a kan farantin sun kumbura sun yi tsatsa, na cire na sa sababbi, amma wannan aikin tsufa ne, ba shi ne ciwon farko ba. Fis ɗin nan da Baffa ya ɗaga sama yana nan daram. Na jona wuta na sa mita: a bakin igiya akwai, a taransifoma babu. Ga ni tsaye daidai inda Baffa ya tsaya, da furfura a gemuna, sai dai yau babu mai dafa kafaɗata.

Na yanke ɗaurin damin. Na kama wayar da ta taso daga fis na bi ta da yatsa, ina sa ran za ta gangara wurin taransifoma. Sai na ga ta yi sama. Ta bi bangon akwatin ta ciki, ta haura har kusurwa, ta shige bayan wani ɗan guntun katako. Na haska tocila. Wani ɗan farin abu ne kamar kan alli ya leƙo, yana fuskantar waje, babu rubutu a jikinsa. Na zare wuta, na danna shi, ya ce ƙyas. Na sake shi, ya dawo. Na tsaya ina kallonsa, can sai firji ya faɗo min: ka buɗe ƙofa fitila ta kama, ka rufe ta mutu, saboda wani ɗan maɓalli da ƙofar ke dannewa. Wannan irinsa ne, amma a juye. Maƙeran Dogo sun sa shi ne don duk wanda ya buɗe bayan akwatin wuta ta yanke, kada ta ja shi. Muddin babu murfi a bayansa, ko wa ya kunna ba zai tashi ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Na fito da kaina na ce, "Yohanna, ina murfin bayan Dogo?"

"Murfi? Ai Mama ce ta cire shi."

"Yaushe?"

"Ranar nan mana, da hantsi, da babu wuta. Cewa ta yi bawan Allah yana tsaye cikin zafin nan an toshe masa baya, a bari ya sha iska. Ta ɗauko mukulli a aljihun teburin Baba, ni ma na taya ta jingine shi a…"

Na bayyana masa abin da na gani, a hankali, har sau biyu. Ya ce ba zai yarda ba sai an mayar da murfin. Ina za a same shi bayan wannan zamani? Ya ce ai bai taɓa barin gidan ba: Mama ta daɗe tana murza cincin a kansa, daga baya kafinta ya sa masa ƙafafu. Rahila ta dafe ƙirji. "Wai teburinmu na cin abinci? Mai ɗan rami a gefe? Muna yara ta ramin nan muke zura wa kyanwa ƙashin kifi, kullum ina mamakin wa ke huda tebur!" Ramin mukulli ne. Teburin yana cikin kayan da aka ɗaure za a loda. Muka kwance shi, na cire ƙafafun, ga sawun wuƙar Mama birjik a jikinsa, man gyaɗa ya mayar da shi baƙi. Na ɗaga shi na kara a bayan Dogo, ya shige kamar jiya aka cire, na ji ɗan farin abin nan ya ce ƙyas a ciki.

Na kamo hannun Yohanna na kai shi kan soket. Ya janye.

"Kai dai ka kunna, Alhaji. Ka san hannuna."

"Na san shi tun kafin ka san kanka. Kunna."

Ya ɗaga fuska sama wajen ƙwan fitilar da ba ya gani. "Wutar ta zauna?"

"Ta zauna."

Ya danna. Da farko gurnanin ne ya taso, ƙasa-ƙasa, irin na kyanwa mai barci. Na zura yatsa ta ƙofar kwabo na taɓa 'yar wayar da kuɗin ke bugawa, tunda kwabon ma ya riga mu tafiya. Sai ga shi: dum, dum, dum. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Gilashin dai bai kawo komai ba, shi kam tsufa ya gama da shi, kuma ba a samun irinsa yanzu.

"Hoto ya fito?" in ji Yohanna.

"Babu hoto. Murya kawai."

"To, mun yi daidai ni da shi."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ya ce, "Mama, Mama. Ita da tausayinta." Can kuma ya ce a hankali, "Da ma Baba ya ji wannan." Ni ma Baffa nake tunawa, da hancinsa da bai yi ƙarya ba.

Direban motar kaya ya iso yana ta danna hon a waje. Yohanna ya sake laluba soket ɗin ya kashe, Dogo ya yi shiru. Ya kunna, Dogo ya tashi. Ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna, yana karkata kai yana saurare. Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa mutane faɗa a kan irin wannan wasa da makunni, na ja kujera na zauna, na ce wa Rahila ta je ta ba direba haƙuri.